Masuncin Hindawiyya

Abdulbaƙi direban tasi ne a unguwar Hindawiyya, kuma a iya sanin maƙwabtansa bai taɓa kama kifi ba sai a faranti. A Makka aka haife shi, a Makka ya girma, garin da ba kogi ba tafki. Wannan bai hana shi gaya wa duk wanda ya shiga motarsa cewa shi jinin masunta ne ba. Kakansa, in ji shi, daga Yawuri ya taso da ƙafa zuwa hajji, kuma kafin ya taso da hannu ɗaya yake fitar da giwan ruwa. Kowace shekara giwan ruwan nan ƙara girma yake yi.

Wata rana ya ɗauki wani Musulmi Ba'amurke da ya gama umara, zai kai shi filin jirgin Jidda. Tun ba su fita gari ba labarin kaka ya taso. Baƙon ya yi murna, ya zaro waya ya nuna masa wani kifi mai suna maski, dogo kamar taɓarya, baki cike da haƙora, wanda ke zaune a tafkunan ƙasarsu masu sanyi. Ya ce ba a kama shi da tana. Sai mutum ya zauna ya ɗaure gashin wutsiyar barewa da gashin zakara a jikin ƙugiya, ya sa ƙyalli, ya manna idanu, har abin ya zama kamar ƙaramin kifi, sannan ya yi ta jifa da shi har kafaɗa ta sage. Larabcin baƙon kaɗan ne, Turancin Abdulbaƙi bai kai kaɗan ba. Duk da haka, kafin su isa Jidda ya fahimci komai.

Da ya koma gida ya iske matarsa Kabira, uwar 'yarsu Nora, a kan keken ɗinki, tana haɗa hannun abaya.

"Ummu Nora, ki yi wa tasi bankwana."

"An sace ta ne?"

"Na bar ta. Na samu sana'ar kakana." Ya ajiye mukulli a kan tebur da ƙarfi. "Kin san alhazan Amurka da Kanada nawa ke zuwa garin nan? Me suke komawa da shi? Dabino da tasbaha. Ba wanda ya taɓa tunanin ya sayar musu da kifin gashi ɗan Makka."

"Kifin me?"

Ya yi mata bayani da hannu biyu da ƙafa ɗaya. Ta saurara har ya gama, ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba.

"Abu Nora, shi wannan maskin, akwai shi a Bahar Maliya?"

"Babu."

"A Saudiyya fa?"

"Babu. Shi ya sa ba ni da abokin gasa."

Maganar barin tasi ba wasa ba ce. Bayansa ya daɗe yana ciwo, likita ya ce ya rage zaman mota, fasinja kuma sun koma kiran mota ta waya. Yayan Kabira, Hashimu, yana da shago a unguwar Shisha inda yake sayar da tantuna da tabarmi da butocin shayi, kayan masu fita shan iska bayan gari. A shagon akwai wata kusurwa kusa da ƙofa wadda ba kowa, da kujera, da na'urar sanyaya ɗaki daidai samanta. Abdulbaƙi ya daɗe yana kallon wannan kusurwa. Washegari ya je ya nemi a ba shi.

Hashimu mutum ne mai ƙarancin magana. Ya zuba masa gahawa, ya bar shi ya gama zuba.

"Ka taɓa ɗaura ko ɗaya?"

"Yaya Hashimu, abin a jini yake."

"Ka taɓa riƙe sandar fatsa?"

"Kakana..."

"Allah ya jiƙan kakanka. Kai nake tambaya." Ya kurɓi gahawa. "Wani mai tukwanen gas ya nemi wurin nan, ban ba shi amsa ba saboda ƙanwata. Ranar Asabar ta sama za mu je bakin teku, Shu'aiba. Ka zo da abin naka. In ya kama kifi a gabana, kowane iri ne, ko ɗan yatsa ne girmansa, kusurwa taka ce. In bai kama ba, halas, shi ke nan, kada ka sake tayar mini da maganar."

"Ka tanadi babbar kula, ya shaihi. Ka tanadi ƙanƙara."

Matsala ta farko ita ce barewa ba ta bi ta Hindawiyya. Abdulbaƙi ya ce ai gashi gashi ne. Ya sayo manyan ƙugiyoyi daga Jidda, ya ɗaure filayar mota a ƙafar teburin cin abinci don ta riƙe masa ƙugiya, ya ɗauko abin kakkaɓe ƙurar tasi na gashin jimina ya fige shi tas. Ƙyalli kuwa ya samu a akwatin Kabira, zaren zinarin da take yi wa abaya ado da shi. Idanu ya ciro daga maɓallan rigar wata mai ɗinki da ba ta zo karɓa ba tukuna. Saura dogon gashi na jiki. Wannan ya same shi a ɗakin 'yarsa Nora, a cikin leda, sabo fil.

Da yamma Nora ta dawo daga jami'a, aka ji ihu da Larabci tun daga ƙofar ɗaki.

"Abuya! Gashina! Na bikin ƙawata Rawan ne!"

"Kina da naki a kai, ya binti. Allah ya ba ki kyauta."

"Ka yanka shi gutsi-gutsi!"

"Na ɗauke shi daga kan mutum ɗaya zan kai shi Amurka. Gode mini za ki yi."

Nora ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Kabira ta ƙirga maɓallanta da ido, ta koma kan kekenta.

Ya zauna aiki. Ya naɗa zare, ya ɗora gashi, gashin ya zame. Ya sake naɗawa, zaren ya tsinke. Ya ga zare ba shi da amana, ya koma gam mai kama ƙarfe. Gam ɗin ya kama maɓallin, ya kama gashin jimina, ya kama babban yatsansa da manuni, ya haɗa su duka wuri ɗaya. Aka kira sallar isha'i. Haka ya tafi masallaci da tuntun gashi a hannun dama, ya yi tahiya da shi, na kusa da shi a sahu yana ta atishawa.

A kwana na gaba abu ya fito. Tsawonsa ya kai kamu guda, kai kamar na mujiya, ido ɗaya yana kallon gabas ɗaya yana kallon ƙasa. Abdulbaƙi ya ajiye shi a bakin taga gam ya bushe, ya kira Kabira ta zo ta gani. Kafin ta iso, kyanwar Gwaggo Ɗaso ta riga ta.

Gwaggo Ɗaso tsohuwa ce da ke zaune a ɗakin ƙasa na benen. Ta zo hajji tun tana da ƙarfinta ba ta koma ba, tana dafa wa mutane abincin biki, kuma bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Kyanwarta ta cafke wutsiyar kifin gashin ta yi ƙasa da gudu. Abdulbaƙi bai yanke zaren ba, don haka ƙwaryar zaren Kabira ta bi su tana tsalle a matakala, shi kuma ya bi zaren, ba takalmi. A hawa na biyu zare ya harɗe ƙafar Talal, maƙwabcinsu ma'aikacin banki, ya zube da ledar burodi. A ƙasa suka iske Ɗaso ta taka abin da tsintsiya tana dukansa.

"Gwaggo, tsaya! Kifi ne!"

"Kifi? A'uzu billahi. Na ɗauka ɓera ne ya sa gashin amare."

"Kin gani ko?" Ya juya wajen Kabira da ke leƙe daga sama, yana haki. "Kyanwa ta ɗauka kifin gaske ne. Kyanwa fa! Wa ya fi ta sanin kifi?"

"Jiya da silifas ɗina ta yi kokawa," in ji Kabira.

Bai ji ba. Abin da ya dame shi shi ne launi. A hoton baƙon nan kifin gashi ja ne da kore, nasa kuwa baƙi da toka. Ya ɗebi rinin kaya na Kabira, ya tsoma sababbin da ya ɗaura, ya shanya. Sannan ya tuna ba a taɓa gwada su a ruwa ba. Bahon wanka ya yi kaɗan. Ruwa mai zurfi ɗaya ne a duk Hindawiyya da ya sani: tankin da ke saman bene, wanda duk gidan ke sha.

Ya hau da hantsi ranar Alhamis. Baƙon ya nuna masa cewa zaren irin wannan fatsa mai kauri ne, mai launi, nauyinsa ne ke kai abin nesa. A saman benen akwai igiya mai kauri, shuɗiya, an ɗaure ta daga bango zuwa bango. Ya sauke zannuwan da ke kanta ya ajiye a ƙasa da ladabi, ya kwance ta. Ya buɗe murfin tanki, ya zura kifayensa duka, ya yi ta ja yana saki, yana leƙawa. Suka jiƙe, suka yi nauyi, suka nutse kamar tsumma. Ya ce wannan alama ce ta kifin da ya san zurfi.

Kafin la'asar famfunan gidan suka fara zubo da ruwa kalar zoɓo. Matar Talal ta riga ta zuba fararen jallabiyoyinsa na Juma'a a injin wanki. Malam Maman, dattijon da ke limanci a masallacin lungu, ya yi alwala ya duba madubi ya ga gemunsa ya canza ra'ayi. Mutanen gida suka hau sama gaba ɗaya, Ɗaso a gaba, numfashi sama-sama.

"Wa ya zubar mini da zannuwa a ƙasa? Ina igiyata?"

"Aro na yi, Gwaggo. Sunanki zai shiga tarihi."

"Sunanka zai shiga bakina, ɗan nema!"

Talal ya ɗaga jallabiya mai ruwan hoda. "Ya ahi, da wannan zan je Juma'a? Da wannan?"

"Launin ya karɓe ka, wallahi."

"Abdulbaƙi," in ji Malam Maman a hankali, yana shafa gemu, "ruwan nan ya canza launi. Ka san hukuncin alwala da shi?"

"Malam, rini ne mai tsarki. Na Ummu Nora ne."

"Kada ka sa sunana," in ji Kabira daga matakala.

Aka zubar da tanki, aka kira motar ruwa. Abdulbaƙi ya wuni yana goge cikin tankin da soso, yana gaya wa mai motar ruwan cewa duk wanda ya kawo sabon abu sai mutanensa sun tsane shi tukuna.

Ranar Asabar da safe Hashimu ya iso da babbar motarsa, da tanti, da kula. Labari ya riga ya zaga lungu. Masu shaguna suka fito, yara suka hau kan motoci, mata suka cika tagogi. Talal ya ce ko ba a gayyace shi ba zai je, yana so ya gani da idonsa. Malam Maman ya fito da kujerarsa. Ɗaso ta zauna a bakin ƙofarta da kwanon alkama, tana watsa wa tantabaru sadakar safe kamar yadda ta saba.

Abdulbaƙi ya sauko da hular kaba, da tabarau, da sandar fatsa sabuwa wadda ko ledar ba a gama cirewa ba. A ƙarshen igiyar Ɗaso babban kifin gashinsa ne ke lilo, wanda ya sa wa suna Sarki.

"Yalla, shiga mota," in ji Hashimu. "Rana na yi."

"Tsaya, Yaya. Mutanen nan ba duka za su je ba. Haƙƙinsu ne su ga yadda ake jifa."

"Abu Nora," in ji Kabira daga taga, "ka bari sai bakin ruwa."

"Mace ba ta san jifa ba. Ku matsa! Ku ba ni fili!"

Aka matsa, amma ba don ya ce ba. Ya tsaya tsakiyar lungu, ya buɗe ƙafafu, ya warware igiya. Irin wannan jifa sai an wurga igiyar baya, a dawo da ita gaba, a sake wurgawa baya, tana ƙara tsawo. Wannan kam ya gani a waya, ya riƙe. Abin da bai riƙe ba shi ne masu yi a tsakiyar tafki suke yi, ba kowa a bayansu.

Wurgi na farko Sarki ya ɗauke hular mai shagon burodi. Na biyu ya daki allon shagon aski. Jama'a suka kwanta a ƙasa. Abdulbaƙi ya ji igiya ta fara kuka a iska, ya ji jinin Yawuri ya motsa, ya tattara ƙarfinsa duka ya wurga baya. Sarki ya faɗa tsakiyar tantabarun Ɗaso. Suka tashi fir gaba ɗaya. Ya fizgo gaba, sai ya ji nauyi.

"Ya kama! Wallahi ya kama! Yaya Hashimu, ka shaida!"

Abin da ya kama ya wuce ta saman kansa, ya bugi ƙofar motar Hashimu, ya faɗo. Tantabara ce, toka-toka, ƙugiya a ƙirjinta. Ta motsa fiffike sau ɗaya, ta daina.

Ba wanda ya yi dariya, don duk wanda ya girma a Makka ya san abin da ya faru. A cikin iyakar Harami ba a farauta, ba a ko firgita tsuntsu. Yara ma da ke jifan komai ba sa jifan tantabara.

"Inna lillahi," in ji Ɗaso. "Baƙuwar Allah. A ƙofata. Tana cin sadakata."

Malam Maman ya tashi, ya zo ya duƙa ya duba, ya miƙe.

"Ta mutu."

"Malam, kuskure ne. Kowa ya gani."

"Kowa ya gani, shi ya sa ba sai an kira shaida ba. Da gangan ko da kuskure, tantabarar Harami fansarta dabba ce. Za ka yanka tunkiya ko rago."

"Rago? Saboda wannan 'yar abar? Ko cikin cokali ba ta yi ba!"

"Da ka haƙura kun wuce alamar iyaka a hanyar Shu'aiba, da ba abin da ya hau kanka sai kunya. A nan ka zaɓa."

Abdulbaƙi ya cire tabarau. Ya dubi tantabara, ya dubi Sarki, wanda ido ɗaya ya riga ya fita. Sannan ya juya wajen surukinsa, murya ta ɗan dawo.

"Amma Yaya Hashimu, a duba magana. Abin da ke tashi sama ya fi abin da ke ruwa wuyar kamu. Wanda ya kama tsuntsu a iska..."

"Kifi na ce."

"To mu je Shu'aiba yanzu."

"Da wa? Wa zai zauna kusa da kai da wannan abin?" Hashimu ya shafa inda ƙofar motarsa ta loɓa. Ya buɗe baya ya sauke tanti, ya ɗaga waya. A gaban kowa ya kira mai tukwanen gas ya ce masa ya kawo kayansa gobe. Ya ɗaga kai wajen taga. "Kabira, ki yi haƙuri."

"Ba komai, Yaya. Na ga ƙoƙarinka."

Talal ya karɓi sandar daga hannun Abdulbaƙi kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro. Ɗaso ta kwance igiyarta, ta naɗe a gwiwar hannu.

"To, shi ke nan," in ji Abdulbaƙi, yana neman inda zai dafa. "Ko ba komai za a ci nama a gidana. Ummu Nora, ki shirya, shinkafar kabsa za a yi, kowa ya zo."

"A'a," in ji Malam Maman. "Naman fansa ne. Na miskinan Makka ne. Kai da iyalinka ko romo."

Sai da ya yi kwanaki yana jigilar fasinja a tasi tsakanin Makka da Jidda, baya na ciwo, kafin ragon ya samu. Ya kai shi mayanka, ya dawo da naman a ledoji a kujerar baya. Malam Maman ne ya tsara rabo. Leda ta farko, mai cinya, ya ce a kai ɗakin ƙasa, tunda mai ɗakin tsohuwa ce, ba miji ba ɗa, ba ta da kowa a garin sai Allah.

Abdulbaƙi ya ƙwanƙwasa. Ɗaso ta buɗe, ta karɓa, ta auna nauyin ledar a hannu, ta leƙa ciki, ta latsa naman da yatsa.

"Ma sha Allah. Mai kitse ne. Allah ya karɓa, Abu Nora, Allah ya ƙara wa hannunka sa'a."

"Amin," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. Ya juya zai hau sama.

"Ɗan nan."

"Na'am, Gwaggo."

"In za ka sake jifa, ka gaya mini tun da wuri in sayo albasa."